Sun Riƙe Kekena a Kan Iyaka

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Ɗanlami mai gyaran takalma ne daga Suleja. Ni gurgu ne.

Watan jiya na je duba mahaifiyata a maƙwabciyar ƙasar nan da ta fice daga ƙungiyar yankinmu. A kan iyaka wani jami'i ya sauke kekena na guragu daga saman mota, wai doka ta canja, kaya ne, sai da takarda. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙafafuna ne fa!" Ko kallona bai yi ba, ya riƙe keken. Da rarrafe na shiga gidanmu.

Yanzu na dawo Suleja, an bugo waya jikin mahaifiyata ya tsananta, ga shi keken aro nake hawa, nawa na kan iyaka. Masu sauraro, wa zan kai wa kuka? In ƙasa ta fice, haƙƙin gurgu ma ficewa yake yi?