Malam Mu-Fita da Takardar da Ke Aljihuna

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma shugaban jami'a, shugaban tsangayarmu, malamai manya da ƙanana, Mama mahaifiyar marigayi, maiɗakinsa da 'ya'yansa, ɗalibai na da da na yanzu, har da ku da kuke tsaye a bakin taga saboda kujeru sun ƙare: ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

An ba ni magana ne don an ce ni ne na kusa da shi. Shekara ashirin da shida ofishinmu ɗaya, tebur na kallon tebur, fanka ɗaya ke fifita mu. Kusa kam an yi ta. Amma tun da na shigo zauren nan nake ƙirga kawuna, kuma na san ranar tawa ba za a je aron kujeru ba. Kun ji halin wanda kuka miƙa wa lasifika. Kishin mutumin nan na daɗe ina yi, kuma yau zan faɗa, tunda ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mu biyu muke koyar da 'yan shekarar farko ilimin zamantakewa, aji rabi nawa rabi nasa. Ni na rubuta littafin da ake karantawa. A shafin farko na ce ilimin zamantakewa shi ne nazarin yadda mutane ke zama tare, da ƙa'idojin da suke bi ko da ba a rubuta musu ba. Wata uku na yi ina gyara jimlar nan. Ladan da na samu shi ne ɗalibai suka sa mini suna Malam Buɗe-Shafi. Kuna dariya, kun zaci ban sani ba.

Shi kuwa ya kasance ranar farko ko alli ba ya taɓawa. Ya shigo, ya ce, "Ku tashi mu fita." Daga nan sunansa na Malam Mu-Fita ya samo asali. Ya kasance yana jan su har tashar motar da ke bakin ƙofar jami'a, ya nuna masu jiran mota ya ce, "Wa ya jera waɗannan a layi?"

Su ce, "Babu kowa, Malam."

"To me ya hana wancan ƙaton ture tsohuwar da ke gabansa?"

"Kunya, Malam."

"Kunyar wa? Ya san ɗaya daga cikinsu ne?"

Sai ya ce, "To, abin da za ku shekara huɗu kuna nema ke nan."

Ya kasance idan motar ma'aikata ta tsaya, sai ya ba su asalin ilimin a tsaye. Ya ce lokacin da masana'antu suka kwaso mutane daga ƙauyuka suka zuba su a birane, inda maƙwabci bai san uban maƙwabci ba, masana suka fara tambayar me ke riƙe da jama'ar da ba dangin iya ba na baba. Wannan tambaya ce ta zama fanni, har aka raɗa mata suna. Ni shafi goma sha ɗaya na ci kafin in faɗi haka. Shi kafin kwandasta ya rufe ƙofa ya gama, kuma nasa ne ba a mantawa.

Ya kasance namu ne duka. Da rikici ya tashi tsakanin direbobi da masu tebur a tashar nan, mu da muke da digiri kwamiti muka kafa. Shi ya je ya zauna a benci kwana uku yana saurare, aka sasanta.

Wata shekara na ce ni ma zan gwada. Na fita da ajina, na tsaya inda yake tsayawa, na zaro takarda na fara karantawa. Mai gyaran takalman tashar, ga shi can a layi na uku, ya ɗago kai ya ce, "Malam, kai ma fa ka iya. Sai dai shi tambaya yake yi, kai kuma amsa kake bayarwa ba wanda ya tambaye ka." Ban sake fita ba.

Yanzu ga abin da ya fi mini nauyi. Da na zama shugaban sashe, na rubuta takarda zuwa kwamitin tsangaya cewa a hana fita da ɗalibai, wai don gudun haɗarin mota. Ba mota ba ce, hassada ce. Ya ga takardar a kan teburina. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗan'uwa, ka bari in fita da 'yan bana sau ɗaya, sai ka miƙa." Na ce zan duba. Saura mako biyu a buɗe makaranta Allah Ya karɓi abinSa. Ranar Litinin kwamitin zai zauna, ranar ce kuma 'yan bana za su shiga ajin farko. Takardar tana aljihuna.

Shekaranjiya maiɗakinsa ta kawo mini jakarsa don in cire makullin ofis. A ciki na tarar da littafina, bango ya rabu an liƙe shi. A gefen kowace jimla ta shafin farko ya rubuta tambaya da fensir. Waɗancan tambayoyin na tasha ne, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Yaya, kullum cewa yake kai ka san hanya, shi ƙofa kawai yake buɗewa." Wallahi ko a nan sai da na ji haushi, don har a iya abota ya fi ni.

Mama, ki yafe mini, ɗanki ya riƙe ni ɗan'uwa ni kuma na riƙe shi abokin gasa. Ƙanwata, ki yi haƙuri, ki kuma bar mini littafin nan. Ku kuma 'ya'yana, ba sai an ba ku labarin ubanku ba, ku waiga ku dubi masu tsayuwa a bakin taga.

Ranka ya daɗe shugaban tsangaya, ga takardar nan na yaga a gabanka. Ranar Litinin ƙarfe takwas ni zan ja 'yan bana zuwa tasha. Ban iya ba, na sani. Mai gyaran takalma, ka tsaya kusa da ni, in ka ga na zaro takarda ka ƙwace.

Muna godiya ga duk wanda ya tako. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ilimin da ya bari ya zama sadaka mai gudana. Allah Ya raya zuri'arsa, Ya ba Mama haƙuri. Allah Ya wanke mana zukata tun abokan zamanmu suna da kunnen jin tubanmu. Amin.

To, jama'a, ku tashi mu fita.