Na Kira 'Yar Farina da Sunanta

Iyayena mata da 'yan'uwana na zumunta, salamar Yesu Almasihu ta sauka a kanku. Waɗanda suka zo daga nesa, sannunku da hanya. Sunana Rahila, matar Ishaya, daga wani ƙauye da ke bayan Gezawa, inda gonaki suka matse hanya hagu da dama. Ni ba mai magana a gaban taro ba ce, waɗanda suka san ni sun sani. Amma yau sai na faɗi abin da Ubangiji ya yi mini a kan 'yar farina.

Kun san yadda muka taso. Mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Mu da maƙwabtanmu Musulmi, a wannan dai bakinmu ɗaya. Ni kuwa kunyata ninki biyu ce, domin sunan uwar mijina aka sa wa yarinyar. Ga 'yar fari, ga sunan suruka. Idan ta yi kuka a tsakar gida sai in ci gaba da tankaɗena kamar ba ni na haife ta ba, har sai wata ta ce in ɗauke ta. In shiga ɗaki in ba ta nono, idona na kan bango. Gwaggo Lami, ƙanwar baban mijina, takan nuna ni ga sababbin amare ta ce su koyi kunya a wurina. Ba zan ɓoye muku ba, kaina yakan kumbura.

A lokacin yarinyar ba ta rasa komai ba, domin kakarta na nan. Ita ke goya ta, ita ke yi mata waƙa, ita ke kiranta takwara tana tsokanarta. Da aka yaye ta ma ɗakin kakar ta koma gaba ɗaya, yadda aka saba.

Farkon damina zazzaɓi ya kwantar da surukata, Ubangiji ya ɗauke ta. Aka gama zaman makoki, aka dawo mini da yarinya ɗakina.

Daga nan ta daina cin abinci. In dama kunu in ajiye mata a gabanta, in juya in kama aikina, domin iyakar abin da na iya ke nan. In dawo in tarar ƙuda ne ke sha. 'Yan kalmomin da ta fara faɗa suka ɓace. Sai ta ja jiki ta zauna a bakin ƙofar kakarta, ba kuka, ba motsi. Gashinta ya yi ja, hannayenta suka koma kamar sillen kara. Ga rumbu ya yi ƙasa, ga kowa yana gona. Muka gwada jiƙe-jiƙe, ba abin da ya sake. Wata tsohuwa ta zo dubiya, na ji tana faɗa wa Gwaggo ƙasa-ƙasa cewa kakar ce ke kiran takwararta. 'Yan'uwa, tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Kuma ko wannan tsoron ban nuna wa kowa ba.

Ishaya ne ya gaji, ya ɗauke mu a mashin zuwa asibiti. Ma'aikatan suka zagaya damtsenta da wani ɗan ma'auni mai launi, ya tsaya a kan ja. Suka ce tamowa ce. Aka ba mu abincin nan na cikin leda mai kama da tunkuza, aka ce mu riƙa dawowa kowane mako. 'Ya'yan mutane har ledar suke lashewa. Tawa ta ɗan taɓa ta datse baki. Ma'aikaciyar jinya ta gaya mini gaskiya, cewa idan aka ci gaba a haka za a tura mu birni a kwantar da ita, a sa mata roba ta hanci.

A wannan asibitin muka haɗu da masu bincike. Daga jami'a suka zo, da likitan yara da wata mata, Malama Hadiza, wadda ta karanci halayyar yara da iyayensu. Suka tara mu suka yi mana bayani da Hausa. Suka ce suna so su gane ko yaro mai tamowa ya fi saurin farfaɗowa idan bayan abinci uwarsa tana yi masa magana da wasa. Suka ce ba dole, wadda ta ƙi ba za a hana ɗanta abinci ba, wadda ta shiga kuma tana iya fita duk ranar da ta ga dama. Na shawarci Ishaya, ya yarda. Ni a zuciyata na ɗauka ƙarin magani za a ba mu.

Ashe babu ko ƙwaya ɗaya. Tabarma aka shimfiɗa mana, aka kawo gwangwani da tsakuwa a ciki, da 'yar tsana ta tsumma. Raina ya ɓaci. Na ce a raina, na bar ciyawa tana cin gyaɗata na zo in kaɗa gwangwani?

Malama Hadiza ta ce kowace ta ciyar da ɗanta yadda take yi a gida, ita kallo kawai za ta yi. Na yi nawa yadda na saba. Da aka tashi sai ta ja ni gefe, gindin wata dalbejiya, ta tambaye ni sunan yarinyar. Na sunkuyar da kai. Ta yi dariya ta ce 'yar fari ce ko? Ta ce ita ma ɗan farinta ya isa aure, har yau "yaron nan" take ce masa. Wannan ya sa na ɗan saki jiki da ita. Ta tambayi wanda ya saba yi wa yarinyar wasa, na ba ta labarin surukata. Sai ta tambaye ni, tun da matar ta rasu, wa ke kallon idon yarinyar nan? Na ce mata babu kowa.

Ta gaya mini abin da ta gani. Ta ce duk lokacin da na miƙa abinci, yarinyar takan ɗaga ido ta nemi fuskata, sai ta tarar da kunnena. Daga nan take rufe baki.

"Ba zan ce miki wannan ne kaɗai ciwonta ba," in ji ta, "shi ya sa ma muke bincike. Yunwa gaskiya ce, dole ta ci abincin nan. Amma yarinyar nan makoki take yi, kuma ba ta da mai taya ta."

Na yi fushi. Har muka iso gida ina cewa a raina 'yar birni ce, me ta sani game da zaman gidan surukai? Amma maganar ta ƙi barina.

Washegari da hantsi na tafi gona da ita. Na shimfiɗa mata zani a inuwar kuka, na kama nome gyaɗa. Can na ɗago na waiwaya. Tana kwance, ƙuda sun taru a bakinta, ko hannu ba ta ɗaga ta kore su ba. Fartanya ta faɗi daga hannuna. Na durƙusa a nan cikin gyaɗar, na ce, Ubangiji Yesu, kai ka ba ni ita. Na yi duk abin da aka koya mini, ga ta tana tafiya a gabana. Idan akwai abin da ya rage, ka nuna mini, kuma ka ba ni ƙarfin yi, domin ni kaɗai ba zan iya ba.

Ban ji murya daga sama ba. Amma wani tunani ya sauko mini, ya zauna daram. Ni Rahila, talaka, 'yar ƙauye, Ubangijin sama da ƙasa ya san sunana, kuma bai ji kunyata ba. An rataye shi a gaban taron jama'a saboda ni, bai kau da fuska ba. To, ni wace ce?

Na tashi na je na tsuguna a gabanta. Na ce, "Saratu."

Muryar ma ban gane tawa ce ba. Yarinyar ta juyo a hankali. Na sake cewa, "Saratu, ni ce." Ta zuba mini ido, ni ma na zuba mata, karo na farko tun ranar da na haife ta na tsaya na kalli 'yata sosai. Ashe hancin babana ne da ita! Na ɗauke ta na rungume, na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar surukata. Ita ma ta fashe da kuka, yarinyar da ta daɗe ba a ji muryarta ba. Da muka lafa na yage ledar abincin, na lakato da yatsa, ina kallonta ina yi mata surutu. Ta lasa. Ta sake lasa. Ba ta cinye ba, amma ba ta datse baki ba. Halleluya!

Kada ku ɗauka a nan aka gama. A gona ba mai ganina sai tsuntsaye. Yarinya kuwa a tsakar gida take rayuwa, kuma Malama ta ce abin na kullum ne, kamar abincin. Na yanke shawara tun a hanya cewa ba zan yi shi a ɓoye ba.

Da yamma na shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida, na ɗauko gwangwanin nan da aka ba mu a asibiti na raina, na kira ta da sunanta da ƙarfi. Gwaggo Lami tana daka, ta tsayar da taɓarya.

"Rahila, sunan wa na ji a bakinki? Ko kabarin matar bai bushe ba."

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara a ce ba ni da kunya da a sake zuwa gidan nan gaisuwar mutuwa."

Ta ce duniya ta lalace, ta shige ɗakinta. Labari ya riga ni zuwa rijiya. Idan na iso da tulu sai in ji ana cewa ga 'yar boko nan, wadda likitoci suka wanke wa ido. Wata ma ta tambaye ni ko gobe sunan mijina zan fara kira. Ya yi mini ciwo, ba zan yi ƙarya ba. Akwai ranar da na dawo na ajiye tulu na ce na gaji. Sai na dubi damtsen Saratu, na sake ɗauko gwangwani.

Ishaya da farko gefe ya ja, kun san maza da maganar cikin gida. Amma wata rana ya dawo daga gona ya zauna ya haɗa mata mota da kara, yana turawa yana yi mata kukan mota. Gwaggo ta yi masa magana, ya amsa mata cikin ladabi cewa ya san halin mahaifiyarsa, da za a tambaye ta, za ta ce a kira sunanta har a gaji in dai takwararta za ta rayu. Tun daga ranar Gwaggo ba ta sake tankawa ba, ko da yake har yau fuskarta ba ta gama sakewa da ni ba. Na bar wa Allah wannan.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Akwai makon da gudawa ta mayar da mu baya, na koma asibiti jikina a sanyaye. Suka ba ta magani, Malama Hadiza ta ce in ci gaba. Muka ci gaba, abinci da magana, abinci da waƙa, har waƙoƙin kakarta na tuno na riƙa yi mata da wannan muryar tawa mai kama da ta agwagwa. Ma'aunin ya tashi daga ja ya koma rawaya. Ranar da ya hau kore, ma'aikaciyar jinya ta tafa mana. Ba a kai mu birni ba, ba a sa mata roba ba.

Amma magana ta ƙi dawowa, wannan ya tsaya mini a rai. Sai da kaka ta yi. Muna zaune a tsakar gida muna tsinkar gyaɗa, na zuba mata ɗan faten wake a kwano. Ban ankara ba na ji an ja mini zani. Na duba, ga Saratu riƙe da kwano, ta suɗe shi tas. Ta dubi tsakiyar idona ta ce, "Inna, ƙaro."

Yabo ga Ubangiji! Na ƙaro mata da sauri, har fate ya zuba a ƙasa.

Masu binciken ba su gama aikinsu ba. Sun ce idan sun haɗa sakamakon iyalai duka za su dawo su gaya mana abin da suka gano, ko ya yi daidai da zatonsu ko bai yi ba. Ina yi musu addu'a. Ni dai nawa sakamakon yana waje yanzu, yana tsere da 'ya'yanku.

Na gode wa Yesu da ya ji kukana a cikin gona. Na gode masa da ya bi ta bakin matar da ba addininmu ɗaya ba ya gaya mini gaskiya. 'Yan'uwa, ban zo in ce ku zubar da kunya ba, tana da wurinta. Amma idan yaro ya daina ci, ku kai shi asibiti, kada ku tsaya sauraron masu cewa ana kiransa. Ku dogara ga Ubangiji, idan ya nuna muku abin yi ku yi, ko duk gari zai yi muku dariya. Ke kuma da kike zaune a nan da ɗan fari a bayanki, kina jin abin da nake faɗa yana taɓa ki, kada ki jira ciwo ya koya miki yadda ya koya mini. Ki sauko da shi yau ki dubi fuskarsa. Yana neman taki.

Cikin sunan Yesu. Amin.