Wanda Ya Ci Abincin Gonarka

Mai girma shugaban wannan taro, mai garinmu Baba Byeon Man-su. Shugaban ƙungiyar dattawa, Kaka Eom. Shugabar ƙungiyar mata, Inna Pyo. Iyayena maza da iyayena mata, kakannina da suka riga kowa kama wuri kusa da fanka, da yayyena da ke tsaye a bakin ƙofa, ina gaishe ku baki ɗaya, barkanmu da yini.

Sunana Seol Da-in, jikar Kaka Ok-bun ta bayan injin casa. Bana na shiga aji ɗaya na sakandare. Ina godiya ga mai gari da ya ba ni dama, ina kuma godiya ga Inna Pyo da ta sa mini akwati a ƙarƙashin ƙafa don ku gan ni. Ko a aji ba na ɗaga hannu, saboda haka ku yi mini haƙuri. Kowane gida yana da baki ɗaya a wannan zaure, bakin gidanmu kuwa Kakata ce. Ba ta zo ba ne don tana jinyar Yaya Neang, ta ce ba za ta bar marar lafiya ita kaɗai ba. Ta ce mini, "Tafi ki faɗa musu. In kin ji kunya, ki dubi sanƙon mai gari, kada ki dubi idonsa." Baba, ka yafe mini, abin da nake yi ke nan tun ɗazu.

Kun san abin da ya tara mu. Yaya Neang, 'yar ƙasar Kambodiya da ke tsinkar barkono a gonar Kawu Tak, tana cikin gona ranar da jirgin feshi ya bi ta kan shinkafar da ke gefe, iska ta kwaso maganin ta watsa mata. Tun ranar take tari, numfashinta yana ƙara kamar ana hura wuta, jiya ko kunun shinkafa bai zauna mata ba. Har yau likita bai gan ta ba. Wa'adin takardunta ya ƙare, tana tsoron a kama ta, shi kuma Kawu Tak yana tsoron tara. Tsoro ya haɗu da tsoro, ciwo yana ta cin gabansa.

Magana uku aka ba ni in kawo.

Ta farko a kan shawarar Baba Gu ce, wadda za ku kaɗa wa ƙuri'a yau, cewa a kira jami'an shige da fice su kwashe duk wanda ba shi da takarda. Ni ban san doka ba, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Baba Gu ya ce ƙasar da ba a bin dokarta ba ƙasa ba ce, ni ma haka aka koya mini. Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. A zaman da ya wuce, da Inna Pyo ta ce, "To, ga waya, kira su yanzu," sai Baba Gu ya ce, "Haba, wa ya ce yanzu? Bari dai a gama tsinkar barkono." Kaka Eom ya ce, "Bayan barkono kuma kabeji fa?" Baba Gu ya ce, "To, bayan kabeji." Na koma gida na tambayi Kakata yaushe doka take nuna, tunda na ga ita ma lokaci gare ta kamar amfanin gona. Ta ce in rufe mata baki in ci abinci.

Iyayena, mutanen nan ba daga sama suka faɗo cikin gonakinmu ba. Mota ce take ɗauko su da safe, motar kuwa mun san mai ita, mun san gonar da take tsayawa. Yawancin yayyenmu sun tafi birni, makarantarmu ta firamare an mai da ita wurin shanya barkono. In laifi ne a yi aiki ba takarda, to wanda ya buɗe ƙofar mota ya ce "shigo" fa? Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Magana ta biyu a kan harshe ce. An ce da Yaya Neang ta koyi harshenmu, da ta ji sanarwar feshi a lasifika, da ba ta shiga gona ba. Gaskiya ne, wanda ya zauna a gari ya kamata ya ji maganar gari. Amma, Baba mai gari, da girmanka, ka bar ni in faɗi yadda sanarwar ta kasance. Ka fara da tari. Ka ce, "A, a, ana ji na? Mai gari ne ke magana." Ka gaishe mu, ka gaida dattawa, ka faɗi bikin ɗan gidan Inna Pyo da lokacin da bas za ta tashi, ka yi cigiyar karen gidan su Min-gu har da launin jelarsa. Kafin ka kai kan feshi, Kakata ta koma barci. Kaka Eom, wanda a garin nan aka haife shi, a garin nan haƙoransa suka zube, ranar feshin ya fita shanya bargo. Lasifikar da ke kusa da gonar Kawu Tak kuwa, tun bazara tsuntsaye suka yi sheƙa a cikinta. In kana magana, sai dai mu ji kamar ana tafasa miya.

Kuma wa ya koya musu harshen? Na tsaya a bakin gona na saurara. Abin da ake ce musu bai wuce "yi sauri" da "ba haka ba" da "wancan, wancan" ba. Waɗannan kam sun iya su sarai, har suna faɗa wa junansu. Yaya Neang ta fi sauran ji, domin Kakata tana zaunar da ita a ɗakin girki suna gyaran wake suna hira. Illar kawai, yanzu tana magana kamar tsohuwa mai shekara tamanin. In za ta zauna sai ta ce, "Wayyo ƙuguna, duniya ta ishe ni." Rannan ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, mu a zamaninmu ba ma barin shinkafa a kwano." Ashe dai in an zauna da mutum, yana koyo. Mu ne ba mu zauna ba.

Magana ta uku ita ce wadda Kakata ta ce ko na manta sauran kada in manta da ita. A garin nan, in mutum yana aiki a gonarka, kai za ka kai masa abincin hantsi har bakin kunya. Kafin kowa ya ci, ana ɗibar cokalin farko a jefa cikin gona, rabon mutanen ɓoye. Ban taɓa ji an tambaye su takarda ba, ban taɓa ji sun yi harshenmu ba, amma cokalinsu bai taɓa fashi ba. Kakata ta ce abincin nan ba don yunwa kaɗai ake kai shi ba. Wanda ya ci abincin gonarka, naka ne har ya koma gida lafiya. Ta ce in tuna wa Baba Gu shekarar da lauje ya sare shi a ƙafa yana saurayi, a gonar mahaifin Kawu Tak. Tsohon ya goya shi a baya, ya tsallaka rafi da shi har wurin likita, Baba Gu yana ta kiran sunan mahaifiyarsa. Ta ce in kun musa, a ce ya naɗe wandonsa, tabon yana nan.

Yaya Neang ta ci abincin gonar Kawu Tak damina bayan damina. Da hannun Inna, matarsa, aka dafa, ni ma na sha ɗaukar butar shayin sha'ir ina binta a baya. Wanda ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski. Kawu, ba na cewa tara ba ta da zafi. Amma tara ana biyanta a ci gaba da noma, numfashi kuwa in ya tafi, ba kasuwar da ake sayo shi.

Saboda haka ba ƙuri'arku nake roƙo ba. Ku kaɗa ta yadda kuka ga dama, yau ko bayan kabeji. Abin da gidanmu yake roƙo shi ne mota ɗaya da babban mutum ɗaya, wanda zai kai ta asibitin gunduma yau, ya tsaya kusa da ita, ya ce, "A gonata take aiki." Kakata ta ce in ba wanda ya tashi, ita za ta kai ta da kekenta na lantarki, wannan na tsofaffi, ta ɗora ta a baya ta hau babban titi, manyan motoci su jeru a bayanta har gunduma, duk wanda ya tambaya ta faɗa masa sunan garinmu. Kun san ta. Na baro ta ta sa keken a caji.

In na koma gida, tun daga ƙofa za ta ce, "Wa zai zo?" Ina roƙonku ku ba ni suna ɗaya in kai mata.

Kawu Tak, hannu ka ɗaga, ko kai kake sosawa?

To. Zan ce mata ɗagawa ka yi.

Allah ya ba Yaya Neang lafiya, ya nuna mata fuskar 'ya'yanta. Allah ya sauƙaƙa wa Kawu Tak abin da zai tarar a can, ya mayar masa da alheri a gonarsa. Allah ya ja kwanan kakanninmu, ya ƙara wa mai garinmu haƙuri da yara irina, ya kai kowa gidansa lafiya, na kusa da na nesa.

Na gode.