Darektoci Uku, Yatsa Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban masu duba makarantu, manyan baƙinmu da suka taso daga Damagaram, iyayenmu darektoci, 'yan uwana malaman makaranta, mushe-mushe da madam-madam, da sauran jama'ar Gure da ke tsaye a rana, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Sunana Yakura, matar Fadilu, ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata lakwal, wato makarantar boko, bayan Gidigir. Jiya da la'asar aka tuna cewa bikin raba takardun shaida ba ya kyau a hoto in babu mace, sai aka ce in zo in yi godiya. To ga ni, kuma zan yi ta har ta ishe ku.

Abin ya faro ne wata Talata. Ina zaune gindin aduwa lokacin hutu, ina karanta labarin soyayya a wayata, sai inuwar mutum ta rufe ni. A littafi, nan ne yarinya ke ɗaga kai ta ga mai ƙamshin turare. Ni da na ɗaga, darektanmu na gani, Baba Garbai, rungume da tabilet ɗin da aka raba wa masu horon koyarwa ta intanet, an naɗe shi cikin tawul kamar jaririn ranar suna.

Ya ce, "'Yata, ke da idonki ba ya barin waya, zo ki danna mini abin nan."

Na ce, "Baba, ai ni ma na nemi shiga horon."

Ya ce, "An gani. Girma aka bi. Naki yana tafe."

Saboda haka godiyata ta farko ga waɗanda suka bi girma. Hikima ce babba a koya wa mutum sabuwar hanyar koyarwa saura shekara biyu ya ajiye alli. Mu masu shekara talatin a gaba, ina muke sauri?

Godiya ta biyu ga rezo, wato sabis ɗin waya, wanda ya ga garinmu ya raina, ya zaɓi ƙolin tudun rairayi ya zauna. Kowace Asabar maigidana yana kai ni can a babur ɗinsa, moton nan, in yi wa Baba darasinsa. Kafin wata ya ƙare Baba ya ba aminansa labari, tabilet ɗaya ya zama uku. Ba zan kama sunan sauran biyun ba; ga su can suna nazarin takalmansu. Fadilu yakan riƙe mini lema ya ce, "Madam, yau wane tsoho ce ke?" In ce, "Mai tari." Darasi goma sha biyu, sau uku-uku. Jama'a, in akwai wanda ya fi ni halartar horon nan, ya miƙe in gaishe shi.

Godiya ta uku ga littattafan da ake cewa suna ɓata mana kai. Da aka nemi kowa ya rubuta burinsa na ƙaro ilimi, na tambayi iyayena darektocin nan uku. Ɗaya ya ce, "Rubuta musu abin da suke son ji." Ɗaya ya ce, "Burina ƙafata ta daina kumburi." Sai na yi abin da na koya a labari, na ba kowa halinsa. Na farko na mai da shi maraya mai zuciyar nema. Na biyu mai tsanani ne, amma a ɓoye yana da tausayi. Na ukun shi ne aka karanta muku ɗazu, kuka tafa, wanda ya yi alkawarin ba zai huta ba sai kowane yaro a ajinsa ya ji haruffa da muryar malaminsa har cikin ɗakin uwarsa. Na hango mai burin yana share hawaye. Kada ku ga laifinsa, yau ya fara jin sa.

Wannan burin, ya ku iyayena, ban ƙirƙira shi ba. Nawa ne, na ara masa don ba ni da inda zan rubuta shi. Yara saba'in da huɗu gare ni, littafin karatu tara. Darasi na biyar ya nuna yadda malami zai ɗauki muryarsa yana karanta haruffa, ya tura wa iyaye. Na roƙi aron tabilet na safiya ɗaya, aka ce kayan hukuma ne, yara za su shafa masa majina. Yana nan cikin tawul, lafiya lau, bai koya wa kowa komai ba. Sai na yi da wayata. Da ta cika, na goge labarai arba'in da ɗaya, har da wanda ban ga ƙarshensa ba. Har yau ban san ko sun yi aure ba. Amma na san iyaye mata goma sha shida suna kunna muryata suna daka, kuma biyu daga cikinsu sun iya rubuta sunansu.

Da safen nan Fadilu ya ce, "Yakura, in kika faɗi wannan, bayan Bune za a tura ki." Na ce, can ma akwai tudu, kuma can ma akwai yara. Sai ya tada moto.

Allah ya saka wa waɗanda suka kawo horon nan da alheri. Allah ya sa takardun da aka karɓa yau su yi kyau a bango. Allah ya ba ƙafar Baba lafiya, don tudun yana da tsawo. Allah ya raya yaranmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Zango na biyu zai fara ranar Asabar. Ga takardu huɗu na ajiye gaban shugaba. Uku lambobin sirrin shiga horon ne na darektocin nan, kowa ya zo ya ɗauki tasa. Ta huɗun takardar neman shigata ce. Ba zan sake hawa tudun nan da sunan kowa ba sai nawa.

Na gode.