Jan Bakin da Aka Sa wa Bargon Gwaggo

Hajiya shugabar ƙungiyarmu ta masu ɗinki, dattawan unguwa, Baba maigidan marigayiya Gwaggo, 'yarta Auta da yayyenta, 'yan'uwana masu keke da allura, assalamu alaikum.

An ce in yi magana a madadinmu, an kuma ce in taƙaita. Zan taƙaita, amma ba zan yi kwana-kwana ba.

Gwaggo ta kasance mai haɗa bargo da ƙyallayen da muke zubarwa. Ta kasance ba ta naɗe bakin bargo ta waje, yadda muke yi da keke mu huta. Shafi take yi: ta ɗinka ƙyalle a gefen, ta juya shi baya, ta bi shi da allura a hannu, gaban bargon ya fito sumul. Takan ce, "Naɗin waje shi ke fara cinyewa, ya riƙa kartar yaro a haɓa. Ni ba na sa wa bargo jan-baki, ba biki za shi ba."

Ta kasance mai lulluɓe marayu da majinyatan unguwar nan, ba ta taɓa jiran godiya ba.

Da idonta ya yi rauni, sai aka ce shafi ɓata lokaci ne, masu saye na jira. Aka janye teburinta daga bakin taga, aka kai bayan ƙofa, wurin tsintsiya. Ta ce, "Hajiya, a nan ba na ganin kafar allura." Aka ce, "To ki koma keke mana, Gwaggo." Ta naɗe aikinta ta tafi gida. Cikin masu kujerun gaban nan ban san wanda ya bi sawunta ba.

Yanzu ku dubi bayana. Bargon nan da aka rataye, ba ƙungiya Gwaggo ta yi wa shi ba. Na jaririn da Auta ke ɗauke da cikinsa ne, da tsofaffin zannuwanta Gwaggo ta haɗa shi. Gefe ɗaya ya rage mata, rai ya yi halinsa. Aka je gaisuwa, aka karɓo shi wai don tunawa, aka zagaye shi da jan ƙyalle a keke, har kan shafinta, don ya yi kyau a hoto. An kuma ce a bangon ofis zai zauna. Wallahi abin nan ya ƙona mini rai.

Baba, ka yi haƙuri, na san ba ka son hayaniya. Auta, kunya ta ɗaure miki baki, ni kuwa na wuce shekarunta. Hajiya, bango ba ya jin sanyi. A sauke bargon nan yau, kafin a kwashe kujeru. Mu za mu warware jan, Auta ta ƙarasa gefen, uwarta ta koya mata. In an ƙi, a cire ni daga ƙungiya, da duk wadda ta miƙe yanzu.

To, na gan ku tsaye. Na gode, na kuma gode wa duk wanda ya tako.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sa ta huta. Allah Ya ba iyalinta haƙuri, Ya sauki Auta lafiya. Amin.

Don Allah wata ta miƙo min kujera in taka, hannuna bai kai ƙusar bargon ba.