Kamun Hannuna da Zanen Inna Saratu

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Iyayena mata da ƴan'uwana, salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Hannatu, amma a Bukkuyum in ba ka ce Doguwa ba, ba mai nuna maka gidana. Kun dai gan ni, ba sai na yi bayani ba. Na tsaya gabanku yau in ba da shaidar yadda Ubangiji ya fisshe ni daga wata cuta da ba a gwajinta a asibiti. Kishi ne, ƴan'uwa. Ba kishin miji ba, kishin kujera.

Daga wajen Zuru muka zo, aikin malamin gona ya kawo maigidana. Ikilisiyarmu ƴar ƙarama ce, ɗaki ɗaya na ƙasa da rufin kwano. Mu mata ba mu kai talatin ba, har da waɗanda ke takowa da ƙafa daga ƙauyukan wajen Nasarawa Burkullu. Ni na tara su. Shekara goma sha ɗaya ina shugabar zumuntar mata, ba wanda ya taɓa ce mini, ina kaza ya shiga?

Kowace shekara bayan kaka akwai babban taron mata a Gummi, kowace ikilisiya da nata anko. Mu ba mu da ƙarfin atamfa, bandir ɗin yadi muke saye. Ni ke karɓar kuɗi, ni ke shiga mota zuwa Gusau, mai shago ya lissafa mini yadi biyu kowace mace. In na dawo sai in shimfiɗa tabarma in yanka wa kowa kamu huɗu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamar yadda na ga uwata tana yi. Wadda ta riga biya ita ke riga karɓa. Kusan kullum in an zo ƙarshe sai yadin ya gaza. In zagi ƴan kasuwar Gusau son raina, in raba guntun da ya rage wa na ƙarshe, shi ke nan.

A Gummi kuwa ni ce a gaba, ina ba da waƙa suna amsawa. Matan ƙauye baya nake tura su, don kullum hannunsu ɗaya yana kan ƙugu, ba sa tafi yadda ya kamata. Sau nawa na yi musu faɗa a kan suna kunyata mu!

Shekarar da soja suka sauka daga mulki aka kawo mana sabon fasto, shi ma ya zo da nasa zaɓen. Ya ce kowace kujera shekara uku ce, kuma mai riƙe da kuɗin jama'a ya riƙa karanta bayani a gaban jama'a. Na yi dariya a raina. Wa zai tsaya da ni?

Sai aka tsayar da Rifkatu. Malamar firamare ce, tana kuma ɗinki da keke a gida, ba ta fi shekara huɗu da zuwa garin ba. Ni na koya mata inda ake sayen gero mai sauƙi ranar kasuwa. Fasto ya ce kowace mace ta tsaya bayan wadda take so. Na tsaya ƙyam ina murmushi. Da na waiwaya, tsawon nan nawa ya cuce ni, domin na ga komai sarai. Mutum bakwai ne a bayana. Matan ƙauye kaf suna bayan Rifkatu, har da Inna Saratu, tsohuwar gwauruwar da na sha ba ta tuwo a gidana.

Na rungume Rifkatu a gaban mutane, na ce Allah ya riƙa. Ƙarya nake yi.

Daga ranar nan ban sake jin daɗin sujada ba. In ta ba da waƙa, kunnena yana neman inda za ta kauce. In ta buɗe ɗan littafinta ƙarshen wata tana karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, sai in ce burga ce ta ƴan boko. In an yabe ta, sai in ji kamar an zuba mini barkono a ciki. Ina rufe ido ina addu'a da baki, zuciyata kuwa tana jiran ranar da za ta faɗi. Na rame, abinci ya daina shiga, aka yi ta ba ni maganin gyambon ciki a banza.

Kaka ta yi, lokacin anko ya zo. Rifkatu ta tafi Gusau da mata biyu, wai shaidu. Ta yanka yadin a gidanta da tef ɗin tela, ta ninke na kowa da sunanta a takarda, ba ta ba kowa ba sai da kowa ya gama biya.

Ina isa gida na warware nawa, na ɗora hannu. Ɗaya, biyu, uku. Na huɗun bai cika ba, saura taƙi guda.

Ku gafarce ni, amma gaskiya na zo faɗa. Daɗi na ji! Rabona da irin wannan daɗin tun kafin zaɓe. Ranar na ci tuwo malmala biyu.

Na yafa gyale na bi gida gida, wai na zo gaisuwa. Kowace in ce ta ɗauko nata in gani, in auna da hannuna a gabanta, taƙi guda ya ɓace. Ban taɓa cewa ta yi sata ba. Cewa nake yi kawai, taƙi guda sau mata kusan talatin, ai mai keken ɗinki ta san inda za ta kai shi. Maigidana ya ce mini, "Hannatu, ki je ki tambaye ta mana tukuna." Na ce ya tsaya ga takinsa na zamani, ya bar mana maganar zane.

Na kai ƙara gaban dattawa. Dokar ikilisiyarmu kuwa, wanda ya ci kayan jama'a a sauke shi, a sa shi horo: bencin baya, ba shi ba cin Jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki, har wata shida. Kafin mako ya zagayo maganar ta fita har unguwa. Maƙwabta Musulmi da ke kai wa Rifkatu ɗinki suka fara aikowa a karɓo musu kayansu. Mijinta ya ce ranar da aka zaunar da matarsa a bencin baya, ranar zai bar ikilisiyar, kuma gida uku sun ce za su bi shi. Mu da duka duka nawa muke? Na sani sarai ɗakin nan zai iya rabewa biyu, amma ban damu ba. Kujerata nake hange.

Ranar Lahadi bayan sujada aka zauna ƙarƙashin tsamiyar da ke bakin ikilisiya. Na tashi na auna zane uku a gaban kowa, kowanne ya gaza. Rifkatu ta fito da takardar shago da tef ɗinta, ta ce yadi biyu biyu ta yanka, ko zare ba ta rage ba. Na ce wa ya san ko ita igiyar ma an rage mata tsawo? Mata suka fara gunaguni. Fasto ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa. Rifkatu ta zauna ta rufe fuska da gyale. Na ga alamar nasara ta kusa.

Sai Inna Saratu ta miƙe da ƴar ƙunshinta. Gajeriya ce, ba ta kai kafaɗata ba, kuma a shekarun nan duka ban taɓa jin ta yi magana a taro ba. Ta ɗauki zane ɗaya cikin waɗanda na auna, ta ɗora nata hannun. Kamu huɗu ya cika, har da saura.

Ta ce, "Ɗiyata Doguwa, miƙo hannunki."

Na miƙa. Ta haɗa gwiwar hannunta da tawa. Yatsunta ko tsakiyar tafina ba su kai ba. Wasu suka fara dariya, amma ita ba ta yi ba. Ta kwance ƙunshin nan, ta fito da tsofaffin ankonmu, tana shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. Mai shuɗi, mai ruwan ƙasa, kore. Duk na gane su, ni na yanka su. Kowanne an ɗinka masa ƙyalle a gefe don ya ƙara tsawo. Ɗaya ma da farin buhun gishiri aka ƙara shi.

Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya da wanga hannu kike yanka. Ku na gari kuna biya da wuri, ku samu naku har da ƙari. Mu sai mun sai da wake. In munka zo, guntun da ya rage shi ne namu. Shi ya sa muke riƙe ƙugu a Gummi, kada ya buɗe a ga mahon. Ba mu taɓa cewa kin ci ba, don mun san ba ki ci ba. Amma bana ne na hwara samun zanen da ya ruhe ni."

Wata daga ƙauyensu ta ce a hankali, nata ma haka suke a gida.

Ashe ƴan kasuwar Gusau ba su taɓa cutarmu ba. Ni ce.

Ban san yadda na kai gida ba. Kwana uku ban leƙa waje ba. Kada ku ce tuba nake yi, a'a. Kunya ce, da haushin cewa Rifkatu ta fita fes, yanzu ma za a ƙara sonta. Kun ga irin zurfin da cutar nan ta yi?

Ranar Laraba da hantsi na buɗe akwatina zan ɗauki wani abu, sai ga ankona a jere, goma sha ɗaya, kowanne dogo har yana zagaye ni da saura. Na durƙusa a kansu, na buɗe baki zan yi irin addu'ar da na saba, ta ƙi fita. Abin da ya fito shi ne, "Ubangiji, ba zane ne ya dame ni ba. Layin nan ne. Na ji zafi da suka tsaya bayanta. Na so ta lalace don a dawo wurina. Ka cire mini wannan abu, ni na kasa."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da uwata ta rasu. Ina cikin kukan na ji abin nan da ya tokare mini ƙirji wata da watanni ya sauka. Na ambaci sunan Rifkatu, na sa mata albarka, kuma a karon farko bakina da zuciyata suka faɗi abu ɗaya. Yabo ga sunan Yesu!

Na tashi na nufi gidanta. Na durƙusa a tsakar gida, ni da na girme ta da kusan shekara ashirin. Ba ta yi saurin ɗaga ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce, "Mama, na yafe miki. Amma sunana yana can waje, inda kika kai shi."

Don haka na sake yafa gyale. Duk gidan da na shiga da ƙarya, na koma da gaskiya, har gidajen maƙwabtan da suka janye ɗinkinsu. Wasu sun mayar, wasu ba su mayar ba har yau, wannan kuwa yana kaina. Ranar Lahadi na tsaya gaban ikilisiya na roƙi a ba ni bencin da na shirya wa wata. Na yi watannina a can baya. Ba gida ko ɗaya da ya fita daga ikilisiyarmu. Halleluya!

Da wata kakar ta zo, Rifkatu ta aiko a kira ni ranar yankan anko. Ta miƙo mini bakin tef ɗin ta ce, "Mama, riƙe nan." Na riƙe, ta auna, aka yanka. Ciwon cikin nan kuwa ban sake jin sa ba.

Ankona goma sha ɗaya na kai su ƙauye na raba. Abu ɗaya na roƙa a wurin Inna Saratu, ta ba ni mai buhun gishirin nan. Ta yi ta ƙi, da ƙyar ta yarda. Ta riga mu zuwa wurin Ubangiji shekara biyu da suka wuce.

Tun da na tsaya nan na ga wasunku suna kallon hannuna na hagu, me ya sa bai bar ƙuguna ba. Zanenta ne a jikina. Ko da mahon, bai rufe ni ba. Ɗazu da kuke waƙa na so in yi tafi, ban iya ba. Haka ta tsaya a bayana shekara goma sha ɗaya, ina mata faɗa.

Na gode wa Allah da bai bar ni na mutu da wannan ciwo ba. Ƴar'uwa, in an ba ki riƙon kayan jama'a, ki bari a duba bayanki, ko da kin san hannunki tsarkakakke ne. In kuma akwai wadda jin sunanta kawai yake ɗaci a bakinki, kada ki kai shi gida yau. Ki faɗa wa Yesu yadda abin yake, ba kwaskwarima. Wanda ya saurari Doguwa zai saurare ki.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.