Naira a Rumbu, Iri a Tulu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma shugaban wanga taro; mai girma wakilin Suparfe mai mulkin gundumarmu, wanda ya taso daga Tawa tun rana ba ta yi zafi ba; mai martaba uban ƙasarmu, Allah ya ja zamaninka; hakimai da limamai; sarkin samari da shugabar mata; malamin gona; manoma da makiyaya; mutanen Barmu da baƙinmu na Bambeye da Kalfu; waɗanda sunka samu tabarma da waɗanda sunka tsaya cikin rana, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana kakar bana bayan abin da munka gani. Ina gode wa hukuma da ta taimaka anka gina wanga bankin cimaka, da samarin da sunka kwaɓa ƙasa, da matan da sunka ɗebo ruwa. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Mushe Talle, wato Malam Talle a bakin ƴan boko. Shekara ashirin da shida ina koya wa ɗiyanku lissafi a lakwal, har gwamnati ta ce in je in huta. Tun daga nan ba ni da sana'a sai sauraren rediyo da ba mutane shawarar da ba su tambaya ba.

Abin da ya tara mu sananne ne. Cikin ɗakin can akwai hatsi buhu ɗari biyu da kunka tara da guminku. Ɗan'uwanmu Alhaji Attaher ya kawo shawara: a saida shi yanzu ga masu motocin Agadas, a riƙe sefa, tunda naira ta faɗi a watannin nan. In bazara ta yi a ƙetara iyaka zuwa Illela ta Nijeriya, inda kuɗɗin buhu guda za su sayi buhu da rabi. Kwamiti kuma ya danƙa mini mabuɗin ɗakin, ya ce ni ne mai hangen nesa, in faɗi ra'ayina. Alhaji, na duba lissafinka da alli, babu kure ko ɗaya. Abin da ya ba ni tsoro ke nan, don nawa ma babu kure a ciki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Magana ta farko, bari in gaya muku yadda mai hangen nesanku ya yi da nashi rumbu.

Shekara uku ke nan, da kaka, na ɗaure damma sittin. Ban da su akwai damma huɗu na iri, hatsin nan mai doguwar zangarniya da na gada daga mahaifina, shi kuma daga nashi. Lokacin hatsi na tsada a Nijeriya. Na zauna na yi lissafi: in na saida can na karɓi naira, in jira ta ƙara daraja, in sayo taki da atamfa da sabulu, in saida nan da sefa, to rumbu guda ya haifi biyu. Na girma ina ganin naira tana taƙama a kasuwar Ƙonni, mai sefa yana sunkuyar da kai gabanta. Da ta fara rama, sai na ce mura ce, za ta warke.

Mai ɗakina ta tafi suna Bambeye. Na kira abokina Rissa, makiyayi daga arewa, ya zo da raƙumansa, matan zangonsu sunka sussuke hatsin, munka nufi Illela. Maƙwabta da sunka ga ana ɗora damma, na ce musu ɗan taimako ne nake wa Rissa. Sunka ce Mushe akwai zumunci. Damma hamsin na fitar. Na ƙara da huɗun nan na iri a kai, don su ne sunka fi kyau, su ne za su fi kuɗɗi.

Da anka biya ni, na zaro sababbin takardu zan ba Rissa ladarsa. Ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Mushe, auna mini hatsi. Raƙumina bai san naira ba, ɗiyana ma ba su san ta ba." Na auna masa ina tausayinsa. A hanya har na tsaya ina masa darasi kan darajar kuɗɗi, yana tuƙa tabarsa yana cewa, "Haka ne, Mushe." Allah ya ba Rissa haƙurin da ya yi da ni.

To ina zan ɓoye kuɗɗin? Kun san al'adarmu ta Adar: mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Maigida ke hawa da safe ya fiddo abin da za a daka. Kakanninmu sun yi haka don kada hankalin iyali ya tashi in rumbu ya yi ƙasa. Ni kuwa na mai da al'adar bargon rufe wauta. Na zuba naira cikin kwalla, na ajiye a cikin rumbu kusa da damma goman da sunka rage. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗɗi. Ni ban sani ba, na dai ji a rediyo.

Magana ta biyu, abin da takarda ta koya mini. Da soja sunka karɓi mulki a Nijeriya, na yi murna, na ce yanzu za a gyara naira. An kuwa gyara ta. Wata rana cikin bazara ina kishingiɗe gindin itacen bedi, sai rediyo ya ce an canza launin takardun kuɗɗi, an ba mutane kwanaki ƙalilan su kai tsofaffin zuwa banki, an kuma rufe iyaka. Na ɗauki kwalla na bi motar Ƙonni. Na tarar da ɗaruruwan masu hangen nesa irina, kowa da ƙunshinsa, muna kallon ƙasar da ba mu iya takawa. Kwana shida na yi can. Wani ɗan canji ya buɗe kwallata, ya rufe, ya ce, "Malam, kwallar dai zan iya saye."

Jama'a, ba ɓarawo ya shiga rumbuna ba. Gara ba ta ci ko kusurwar takarda guda ba. Yadda na ƙirga su haka na same su, sai dai ba su sayen ko tiya guda. Darajar kuɗɗi ba cikin takardar take ba, tana hannun waɗanda ke zama cikin wani ɗaki mai nisa, kuma babu ɗan Barmu da ke da kujera a ɗakin nan. Yau sefa ce ke taƙama, gaskiya ne, don an ɗaure ta ga turken kuɗɗin Faransa. Amma ba mu munka ɗaure ta ba, kuma wanda ya ɗaure ba ya neman izininmu ranar da zai sassauta igiya. Mai girma wakilin Suparfe, ban ce komi game da hukuma ba, zancen igiya nake.

Ko da sefa ba ta motsa ba, hatsi na motsawa. Damina ta zo, ruwa bai zo ba. Kun tuna shekarar, ba sai na kira sunanta ba. Tiyar da munka sani ta ninka, ta sake ninkawa. Mai jika guda a aljihu ya wayi gari jikarsa na nan yadda take, amma abin da take saye bai cika ƙwarya ba. Iyakar da za mu ƙetara mu sayo mai arha tana rufe. Alhaji, iyakar da rediyo ya buɗe mana bana, rediyo ya rufe ta wancan karon, kuma bai yi sallama ba.

Damma goma sunka ƙare. Na saida kekena na sayi hatsin kasuwa na shuka, rana ta ƙone shi. Na saida rediyon da ya ba ni labari na sake shukawa, ta sake ƙonewa. Munka koma ga jar dawar taimako da anza, ɗiyan itacen dajin nan masu ɗaci. Kullum da safe kuma ina hawa rumbu, in shiga, in ɗan jima, in fito ina gyaran murya, don kada iyali su gane babu komi ciki sai kwalla. Ɗiyana mata biyu sunka rame har mundaye na zamewa daga hannunsu. Ba ni da kalmar da ta fi wannan: na ji kunya, na ji tsoro, kuma na san ni na jawo.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, ita ce ta sa na roƙi a ba ni fili.

Bara ruwa ya sauka, ruwa na gaske. Kowa ya ɗauki sungumi, amma gari babu iri, don yunwa ta cinye na mafi yawanmu, dawar taimako kuwa ba ta san ƙasarmu ba. Kun tuna wanda ya fito da iri. Kun tuna gida tara da sunka zo ƙofata, kowa ya koma da tiya guda ta hatsin nan mai doguwar zangarniya. Kun yi mini addu'a. Liman ya ambace ni ranar Juma'a. Anka ce Mushe Talle ya yi boko mai amfani, ya ɓoye iri shekara biyu. Ni kuma na sunkuyar da kai kamar mai tawali'u, na ce ai yi wa kai ne.

Ga yadda abin ya faru. Safiyar da ƙasa ta jiƙa, ina zaune gindin rumbu da sungumi a hannu, ba ni da abin da zan zuba a rami. Mai ɗakina ta fito ta ce, "Malam, taho ka kama mini." Munka jawo tulu biyu daga ƙarƙashin gadonta, bakinsu liƙe da laka. Ta fasa. Hatsi ne cikin toka, tsaba tsaf, irin mahaifina.

Na ce, "Ina kika samu wanga?"

Ta ce, "Cikin damman da kake ba ni in daka. Kullum ina zaɓen zangarniyar da ta fi kyau in aje."

Na ce, "Wa ya gaya miki na saida iri?"

Ta ce, "Ba kowa. Da in ka shiga rumbu ina ganin ka daga ƙirji. Da na komo daga Bambeye sai na ga har hularka na ɓacewa."

Na ce, "To bara da nake saida keke da rediyo, mi ya hana ki fiddo shi?"

Ta ce, "Bara ban yarda da sama ba, kai ma ban yarda da kai ba."

Ku yi dariyarku, na cancanta. Amma in kun gama ku tuna abu guda. Matar nan ta kwana a kan tulunan nan shekara da watanni, tana jiƙa anza tana ba ɗiyanta, tana jin kukansu, ta san in ta fasa tulu guda za su ci tuwo kwana ashirin, ta kuma san in ta fasa babu baɗi. Ban san inda ta samo wagga zuciya ba. Ni da na karanta littafi, ban iya riƙe iri wata guda ba gaban farashi mai kyau. Da mutane sunka zo godiya kuwa, ta shige ɗaki ta bar mini tabarma, ban kuma ce mata ta fito ba.

Saboda haka ga ra'ayina. Ban ce a daina fatauci ba. Tun kafin a ja iyaka muke kai dabbobi da albasa kudu muna kawo kaya, kuma za mu ci gaba. Alhaji Attaher ya yi kasuwanci da dukiyarsa, Allah ya sa albarka, in ya ci riba mu sha shayi. Amma abin da ke cikin ɗakin can ba jari ba ne. Abincin watan da rumbuna ke ƙarewa ne, irin ranar da ƙasa za ta jiƙa ne. Kada a mai da shi naira, kada a mai da shi sefa. A bar shi hatsi har damina ta kama, a saida wa ƴan gari da sauƙi, a mayar da kaka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga nawa gemun, kun ga abin da ya saura.

Sai zancen mabuɗi. Ga shi. Kun ba ni shi saboda hangen nesan da ba nawa ba ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Na san wasu za su ce mace ba ta leƙa rumbu. Wanga ba rumbun miji ba ne, na gari ne, kuma na gaya muku abin da rashin leƙawa ya jawo a gidana. In kwamiti na son mai rubutu, zan riƙe alƙalami, a nesa da ƙofa. Shekara talatin da ɗaya muna tare ban taɓa kiran sunanta cikin mutane ba, yau zan kira. Habi, kina can baya kin ja mayafi, na gan ki. Mutanen gida tara, ga wadda kunka ci irinta, ku maida mata addu'ar da kunka yi mini. Shugaba, ga mabuɗi a hannunka, ina roƙon taro ya miƙa mata. Habi, ki gafarta mini.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Allah ya tsare mu da fari da fara, ya kiyaye iyakokinmu da zaman lafiya, ya yi wa shugabanninmu jagora. Allah ya jiƙan waɗanda yunwa ta ɗauke mana. Allah ya cika rumbunanmu da abin da ake dakawa, ya maida kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum. Na gode.